Baitulmali da Halin Shugaba: Daga Wurno Zuwa Rabah

A tarihin farkon Amurka, dukiya da mulki sun tashi tare har ya zama da wuya a raba su, domin attajirin da ya ranta wa gwamnati kuɗi shi ne sau da yawa ake damƙa wa taskarta. Robert Morris, hamshaƙin ɗan kasuwar Filadelfiya da ya riƙe harkar kuɗin sabuwar ƙasar daga 1781 zuwa 1784, ya ƙare a gidan yarin masu bashi a 1798 bayan cinikin filaye ya karya shi. A ƙasar Sakkwato kuwa, inda Wurno da Rabah da Goronyo suke, mulki ya fi zuwa ta hanyar gado da ilmi, saboda haka awon halin shugaba ya zama yadda ya riƙe baitulmali, wato taskar da ake tara zakka da haraji da ganima domin amfanin jama'a.

Muhammadu Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Wurno a wajajen 1830 a matsayin ribaɗi, ma'ana gari mai ganuwa da ake ginawa a bakin iyaka domin mayaƙa da malamai da manoma su zauna tare su tsare ƙasa. Barazanar Gobirawa da Abzinawa ce ta sa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a can, kuma a can ya rasu a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke da ya gwabza da su. Alhaji Sa'id, marubucin da ya zauna a fadar Sakkwato, ya shaida cewa Bello yana ci ne daga abin da hannunsa ya nema, ba ya taɓa baitulmali domin buƙatar gidansa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne inda ya karkatar da dukiyar jama'a: ya zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa, ya ƙarfafa noma da saƙa da rini, kuma a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin raya kasuwanni da hanyoyi da masu sana'a. Gaskiyar tarihi dai ba ta cika sai an faɗi cewa gumin bayi na cikin abin da ya ciyar da waɗannan garuruwa, kamar yadda yake a gonakin manyan shugabannin Amurka na wancan zamani, irin su Washington da Jefferson.

Wurno ta ci gaba da zama mazaunin sarakuna bayansa, har matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zauna a garin a 1853, zamanin Aliyu Babba ɗan Bello.

Daga wannan gida ne Ahmadu Bello ya fito, domin kakansa Abubakar Atiku na Rabah ɗan Muhammadu Bello ne, mahaifinsa Ibrahim kuma hakimin Rabah. Bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya yi koyarwa a Sakkwato, sannan aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, lokacin da aikin hakimi ya dogara kan ƙidayar mutane da shanu da tara haraji. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau. A can ne aka gwada shi da ma'aunin kakan mahaifinsa, Muhammadu Bello, domin a 1943 an tuhume shi da cin kuɗin jangali, wato harajin da ake karɓa a kan kowace saniya, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya. Duk wanda ya san yadda ake karɓar jangali, daga ruga zuwa ruga, da rasit a hannun malamin haraji da makiyayi yana ɓoye rabin garkensa a daji, ya san cewa tuhuma irin wannan tana da sauƙin ƙullawa, tana kuma da wuyar kankarewa daga sunan mutum.

Da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuɗin gyada da auduga na yankin gaba ɗaya suka zo ƙarƙashin gwamnatinsa, kuma da su aka kafa masaƙar Kaduna da Bankin Arewa da jami'ar Zariya wadda aka buɗe a 1962. Abokan hamayyarsa na jam'iyyar NEPU sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai na lokacin, kuma wannan tabo ne da bai kamata masoyansa su rufe ba. Amma ko su ba su iya nuna wani kamfani ko tarin gidaje da ya mallaka ba lokacin da sojoji suka kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966.

Yankin Wurno da Rabah bai rasa albarka ba a yau, domin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa har zuwa Wurno. Sai dai iyakar da Muhammadu Bello ya bar gidansa domin ya tsare ta ita ce yanzu 'yan bindiga ke yawo a cikinta, har suka afka wa kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 suka kashe mutane da dama. Manomin da ya bar gonarsa a Rabah saboda tsoro yana da haƙƙin ya tambayi masu riƙe da baitulmalin yau, daga ƙaramar hukuma har tarayya, inda kuɗin tsaronsa suka shiga, kuma wajibi ne a ba shi amsa.