Hoton Allo da Ranar Jarrabawa

A manyan makarantun garin Lafiya, daga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, waya ta fara ture littafin rubutu. Malami na cika allo, wayoyi na tashi sama, kafin ya isa ofis hoton ya shiga zauren WhatsApp na aji. Sauƙi kam an samu, musamman ga mai zama can baya. To, darasin fa, ya shiga kai?

A 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer sun gwada yadda ɗalibai ke rubuta bayanin lacca a jami'o'in Princeton da UCLA a Amurka. Masu bugawa a kwamfuta sun fi tara kalmomi, sun kuma fi kwafar abin da aka faɗa kalma da kalma. A tambayoyin tuna bayani aka yi kunnen doki, amma da aka zo tambayoyin da ke neman fahimta, masu biro suka yi gaba. Dalilin da suka bayar mai kama hankali ne: hannu ba ya iya bin bakin malami, don haka dole ɗalibi ya tace, ya zaɓi mai muhimmanci, ya faɗe shi da kalmominsa. Wannan tacewar ita ce karatun. Waɗanda suka maimaita gwajin a 2019 sun ga tazarar ba ta kai haka ba, shi ya sa ni ban ɗora laifin a kan na'ura ba. Kwafa ba tunani ita ce cutar, kuma ɗaukar hoto ya fi kowace hanya arahar tunani. Almajiri ma da hannunsa yake rubuta allonsa, kuma ba ya wankewa sai ya biya.

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ana zaɓen amsa. A jami'a kuwa, yawancin darussa a takarda ake amsawa, awa biyu ko uku, kuma malami bayani yake so.

Saboda haka a ɗauki hoton, ba laifi. Amma a daren ranar a buɗe shi, a taƙaita a rabin shafi, ko a takarda ko a wayar, sannan a kife ta a gwada yi wa abokin ɗaki bayani. Inda harshe ya sarƙe, nan za a tambayi malam a lacca ta gaba.