Tsara Darussan Intanet Kashi-Kashi

Da yawa daga cikinmu yanzu muna koyar da masu bishara da dattawan ikkilisiya ta waya ko kwamfuta, domin ba kowa ne zai iya barin gona da iyali ya zauna a makaranta ba. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1963 wata makarantar tauhidi a ƙasar Gwatamala ta fara kai wa ma'aikata karatu a inda suke hidima, tsarin da muka sani da TEE. Hanyar aikawa ce kawai ta sāke.

Ga matsalar da muke yawan gani. Malami ya tura murya yau, takarda gobe, bidiyo jibi, duk a zaure guda na WhatsApp. Ɗalibin da ya yi mako biyu ba data ya dawo, ya rasa inda zai kama. Sau da yawa a nan yake janyewa, ba don karatun ya fi ƙarfinsa ba.

Saboda haka, kafin mu tura kome, mu tambayi kanmu: me muke so ɗalibi ya iya yi idan ya gama? Amsar ce za ta raba mana karatun zuwa manyan kashi, kowanne da manufa guda, sa'an nan mu raba kowane kashi zuwa darussa.

Bari mu ɗauki Ayyukan Manzanni, mai surori 28. Sura 1 aya 8 ta riga ta ba mu jerin: Urushalima, sai Yahudiya da Samariya, sai iyakar duniya. Kashi na ɗaya, surori 1 zuwa 7, daga hawan Yesu sama da Fentikos har mutuwar Istifanus. Kashi na biyu, 8 zuwa 12: Filibus a Samariya, tuban Shawulu, gidan Karniliyus, ikkilisiyar Antakiya. Sauran surori 16 sun yi wa kashi ɗaya yawa, sai mu raba su biyu: tafiye-tafiyen Bulus (13 zuwa 20), da kamunsa har isarsa Roma (21 zuwa 28). Mu lura da abin da ya dogara ga wani. Wanda bai fahimci labarin Karniliyus ba, ba zai gane muhawarar sura 15 a kan kaciyar al'ummai ba, don haka kada a bar shi ya tsallake.

Kowane darasi ya zo da siffa iri ɗaya: manufa, nassin da za a karanta, gajeren bayani, tambayoyi, da aikin da ɗalibi zai yi a ikkilisiyarsa. Mu sa masa lamba, misali 2.3, wato kashi na biyu darasi na uku. Manhajar Moodle, wadda kyauta ce, tana barin malami ya jera karatu mako-mako ko batu-batu. Ga ɗalibanmu da ke fama da rashin sabis da wuta, jerin batu ya fi, domin wanda ya makara zai ci gaba daga inda ya tsaya. In kuwa WhatsApp kaɗai muke da shi, lambar da ke kan kowane saƙo za ta yi wannan aikin.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Zaɓi littafi ɗaya na Sabon Alkawari. Kashi nawa za ka raba shi, kuma don me?
2. Rubuta manufar kowane kashi a jimla ɗaya.