Zaure a Gidajen Suleja: Adonsa, Amfaninsa da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Zaure shi ne ɗakin farko da mai shiga gidan Bahaushe yake cin karo da shi. A wannan maƙala an dubi yadda ake tsara shi da ƙawata shi a Suleja, domin a nuna cewa adon zaure daga amfaninsa yake tsirowa, kuma idan amfanin ya gushe, kalmomin da ke ɗauke da shi sukan bi bayansa.

2.0 Asalin Zauren Suleja

Hausawan Suleja Zage-zagi ne. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ba sabon babban birnin tarayya wannan suna bayan 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ke nan tsarin gida irin na Zazzau ne ya sauka a ƙasar Gwari da Koro, inda ruwan sama ya fi na Zariya yawa. Wannan ya sa rufin ciyawa, daga baya kuma kwano, ya fi dacewa da wurin a kan rufin ƙasa da azara.

3.0 Tsari da Ado

Babban sirrin zaure yana ga ƙofofinsa biyu. Ba a yin ƙofar ciki daura da ta waje, sai a karkatar da ita gefe, yadda wanda ke tsaye a titi ba zai hangi tsakar gida ba. A gidan mai hali akan ƙara shigifa a bayansa. A zaure baƙo namiji yake tsayawa ya yi sallama, a aiko yaro ya ji ko wane ne.

Kayan cikinsa kaɗan ne, kowanne da aikinsa. Dakali wurin zama ne, tabarma ta baƙi ce, buzu na maigida ne ko malami. Alkuki, wato ɗan gurbin da ake bari a bango, shi ne mazaunin fitila. Asabari yana tare rana da ido, amma yana barin iska ta wuce. A waje kuwa akan yi shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Tana ba bango launi, tana kuma kare shi daga ruwa. A kewayen ƙofa ake zuba zane irin su dagi, domin nan ne idon mai wucewa yake fara sauka.

Randa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne hannun Gwari ya shiga gidan Bahaushe. Aikinta sanyaya ruwan da za a tarbi baƙo da shi, amma zanen da ke jikinta ya mai da ita abin kallo. Sarki Sulaimanu Barau ya tara tukwanen Ladi Kwali a gidansa, kuma a can Michael Cardew ya gan su, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, inda Ladi ta shiga a 1954.

4.0 Zaure a Cikin Harshe

Kalmar ba ta tsaya ga gini ba. Makarantar zaure ita ce inda manya suke ɗaukar karatun littattafai a gaban malami. Zaurance, wato sarrafa gaɓoɓin kalma don ɓoye ma'ana, an gina shi da ɗafa-ƙeyar -ance, kamar yadda aka gina Hausance. Idan kuma aka ce mai magana ya bar mutane a zaure, ana nufin bai kai su ga cikin zance ba. Duk waɗannan sun dogara ne ga sanin cewa zaure iyaka ce tsakanin waje da ciki.

5.0 Halin da Ake Ciki

Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, Suleja ta zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa, ɗaki kuma ya yi daraja. Gidaje da dama sun mayar da zaurensu shago ko ɗakin haya, sababbin gine-gine kuma sun koma ga get da baranda da falo. Falo yana karɓar baƙo, amma sai ya riga ya shigo gida. Yaron da ya tashi a irin wannan gida zai iya jin alkuki ko shigifa a aji, ba tare da ya taɓa ganin abin da suke nufi ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kowane ado na zaure yana da aikin da yake yi, kuma harshe ya adana wannan dangantaka. Ya kamata manazarta su tattara waɗannan kalmomi daga bakin magina da dattawan Suleja, tare da kwatanta su da na Zariya da kuma na harshen Gwari, tun masu sanin su suna raye.