Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Match of the Day da Masu Yanke Hukunci da Hailait

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a majalisun matasanmu, ni dai ta kai ni maƙura. Yaro bai kalli wasa ba. Lokacin da ake bugawa yana kasuwa, ko yana barci, ko an ɗauke wuta. Gari na wayewa sai ya sa 'yar data, ya kalli bidiyon minti biyu da wani ya yanko ya ɗora a Facebook ko TikTok, shi ke nan ya zama shehin malami. Kafin shayinsa ya huce ya kori koci, ya sayar da 'yan baya, ya rantse da Allah an sayi alƙalin wasa. Ka ce masa, "Malam, anya ka kalli wasan kuwa?" Sai ya harare ka ya ce, "Ai na ga hailait, duk ɗaya ne." Da abin zai tsaya a fatar baki da da sauƙi. To, ta kai ana zagin iyaye a kansa, abokai na daina gaisawa, wasu kuma na ɗaukar kuɗin cefane su kai shagon caca saboda abin da suka gani a minti biyun nan.

Hailait kowa ya san shi: gutsattsarin wasa ne da ake tsinto wuraren da suka fi ɗaukar hankali a harhaɗa. Shirin da ya fi kowanne daɗewa yana wannan aiki a talabijin shi ne Match of the Day na BBC, wanda kundin Guinness ya tabbatar masa da wannan matsayi a 2015. Tarihinsa kaɗai ya isa ya rushe maganar "duk ɗaya ne".

An fara nuna shi ranar 22 ga Agusta, 1964, a tashar BBC2. Wasa ɗaya tal aka nuna, tsakanin Liverpool da Arsenal a filin Anfield, inda Liverpool ta ci 3 da 2, Kenneth Wolstenholme kuma shi ya yi sharhi. A lokacin tashar ba ta wuce Landan da kewayenta ba, don haka waɗanda suka kalla a akwatin talabijin an ƙiyasta su kusan 20,000, ba su kai rabin waɗanda suka shiga filin ba. Duk da haka masu ƙungiyoyi hankalinsu bai kwanta ba. Tsoronsu shi ne jama'a su ce ai za su gani a gida, su daina sayen tikiti. Sai da BBC ta amince ba za ta riƙa bayyana wasan da za ta nuna tun da wuri ba, don kada mutum ya ji ya fasa fita. Bayan Ingila ta ci kofin duniya a 1966 shirin ya koma BBC1, ya game ƙasar. A Nuwamba 1969 aka fara nuna shi da launi, a wasan Liverpool da West Ham. A 1970 aka sa masa kiɗan da Barry Stoller ya tsara, wanda har yau da shi ake buɗe shirin, aka kuma fara zaɓen ƙwallon da ta fi kyau a kowane wata.

Masu gabatarwa sun yi ta miƙa wa juna kujera. Jimmy Hill ya riƙe daga 1973 zuwa 1988, Des Lynam ya karɓa har 1999, sai Gary Lineker da ya shekara 26 kafin ya sauka a Mayun 2025, aka raba aikin tsakanin Mark Chapman da Kelly Cates da Gabby Logan. Shirin ya sha rasa haƙƙin nuna wasannin lig: tashar ITV ta ƙwace daga 1988 zuwa 1992, ta sake ƙwacewa daga 2001 zuwa 2004. Kowane karo sai ya dawo.

Me ya sa Bature ya riƙe shirin haka da hannu biyu? Dalilin zai ba mai karatu mamaki. A Birtaniya akwai ƙa'idar da ta hana nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, tun shekarun 1960, don kare ƙananan ƙungiyoyi daga rasa 'yan kallo. Ke nan wasan ƙarfe uku na Asabar da ake nunawa kai tsaye a gidan kallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi, mutumin Manchester da bai sami tikiti ba ba shi da halin ganinsa a tashoshin ƙasarsa. Sai ya jira wajen goma da rabi na dare a nuna masa gutsure. Shi yana da uzuri. Kai da aka kawo maka minti 90 cif har bakin layinku, mene ne naka?

Yanzu mu dawo kan "duk ɗaya ne". Abu na farko da ya kamata a gane shi ne hailait zaɓin mutum ne. Akwai edita a zaune, agogo na binsa, shi ke cewa wannan wasa a fara da shi a ba shi lokaci mai tsawo, wancan canjaras ɗin da ba a ci ko ɗaya ba a kai shi ƙarshe a taƙaita. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi a Ingila sun daɗe suna ƙorafin cewa kullum su ne a ƙarshen shirin. Wannan fa a BBC ke nan, inda ƙwararru ke aikin, suna da kyamarori birjik da ƙa'idojin aiki. Ina ga wanda ya yanko bidiyon da ke wayarka? Ba ka san shi ba, ba ka san ƙungiyarsa ba, abin da kawai yake nema shi ne a danna a yaɗa. Mai tumatir ma manya yake jerawa a saman kwando, kuma babu uwargidan da ke biyan kuɗi ba ta zura hannu ƙasa ba.

Duba abin da ya faru a Fabrairun 1972. Hereford, ƙungiyar da ko cikin lig ɗin ƙwararru ba ta, ta karɓi baƙuncin Newcastle a gasar kofin FA, a fili mai caɓi. An tura wani matashin mai sharhi, John Motson, da zaton 'yan mintuna kawai za a nuna. Newcastle ta fara ci, sai Ronnie Radford ya sheƙa wata ƙwallo daga nesa ta faɗa raga, jama'a suka cika fili. Wasan ya koma kan gaba a shirin daren, Motson kuma ya samu gindin zama har ya yi ritaya daga BBC a 2018. Shekaru sama da hamsin ana maimaita ƙwallon Radford. Amma ƙwallonsa farkewa ce kawai. Wanda ya ci ta biyun da ta fitar da Newcastle a ƙarin lokaci sunansa Ricky George, kuma da yawa daga masu yabon wasan ba su san shi ba. Kyamara ta zaɓi wadda ta fi kyan gani, ita ce ta zauna a zukatan mutane.

Abu na biyu, akwai aikin da sam ba ya shiga hailait. Ɗan tsakiyar da ya tsaya inda ya dace har abokin hamayya ya fasa ba da fasin, me za a nuna? Ba abin da ya faru, kuma rashin faruwar nan shi ne aikinsa. Ɗanmu John Mikel Obi ya buga wa Chelsea wasan Firimiya 249, ƙwallo ɗaya tak ya ci. Wanda hailait ne makarantarsa zai ce cin albashi kawai yake yi. Amma masu horarwa irin su Mourinho da Ancelotti sun yi ta sa shi a wasa, ya ɗauki kofin Firimiya a 2010 da 2015, yana kuma cikin fili a daren da Chelsea ta ci kofin zakarun Turai a 2012. N'Golo Kanté ƙwallo ɗaya ya ci a lig a kakar 2016 zuwa 2017, amma 'yan wasa 'yan'uwansa, waɗanda suka sha gumurzu da shi minti 90, shi suka zaɓa gwarzon shekara. Su waye suka fi sani, su ko mai bidiyon minti biyu? Haka mai tsaron raga: ya tsara 'yan bayansa, ya fito ya kama kuros sau goma, ba wanda zai nuna, ranar da ɗaya ta suɓuce masa, ita za ta zagaya duniya.

Abu na uku, ko wanda ya kalli wasa sukutum yana iya yin kuskure in ya yi gaggawar hukunci. A Agustan 1995 Aston Villa ta doke Manchester United 3 da 1 a wasan farko na kaka. Daren nan Alan Hansen ya zauna a Match of the Day ya ce ba a cin kofi da yara. Hansen fa ba ɗan koyo ba ne. Ya ɗauki kofin lig takwas da na Turai uku da Liverpool. Yaran da yake nufi su ne Beckham da Scholes da Butt da 'yan gidan Neville. Kaka na ƙarewa United ta haɗa kofin Firimiya da na FA. In wasa guda ya ruɗi Hansen, kai da ko wasan ba ka gani ba, da wane ƙarfin hali kake rantsuwa?

A Maris 2023 an ga yadda hailait yake in an tuɓe masa komai. BBC ta dakatar da Lineker saboda wani rubutu da ya yi yana sukar manufar gwamnatin Birtaniya kan masu neman mafaka. Abokan aikinsa Ian Wright da Alan Shearer suka ce ba za su shiga shirin ba, masu sharhi ma suka janye. Daren Asabar ɗin aka nuna minti 20 kacal, babu mai gabatarwa, babu mai bayani, sai ƙwallaye na shiga raga. BBC da kanta ta ba da haƙuri, kwana biyu bayan haka aka sanar da dawowar Lineker. Abin da babbar tasha ta ba da haƙuri a kansa, shi ne abincin yau da kullum na yaranmu, kuma nasu ma ya fi muni, don an ɗora masa kiɗa da rubutun tsokana.

Ba wai ina cewa hailait ba shi da amfani ba ne. Ba don shi ba da yaran yau ba su ga ukun da Kanu ya zura wa Chelsea a minti 15 na ƙarshe a 1999 ba, ko yankan da Okocha ya yi ta yi a Bolton. Na kuma san tsadar data da rashin wuta da neman abinci na hana wasu zaman kallo. Rashin kallo ba laifi ba ne. Laifin shi ne shaidar abin da ido bai gani ba.

To, ina mafita? Da farko, ɗan'uwa, ka koyi cewa "ban kalla ba". Kalma uku ce, ba ta rage wa kowa daraja. In hailait ka gani, ka ce hailait ka gani, ka saurari wanda ya zauna ya kalla, ko da ɗan ƙungiyar da ba ka so ne.

In hailait ɗin ne kawai za ka samu, nemi mai tsawo daga shafin gasar ko na ƙungiyoyin, ka bar na wanda ba a san asalinsa ba. Ka haɗa da karanta rahoton wasan ko sauraren sharhi a rediyo. Ka tambayi kanka: a wane minti aka ci? An ba wani jan kati kafin nan? Wa ya ji rauni aka cire shi? Bidiyon da ya nuna maka ƙeta, ya nuna abin da ya faru daƙiƙa goma kafin ta? Sau da yawa hoton da aka tsayar don a ce an yi satar gida, an tsayar da shi ne bayan ƙwallo ta bar ƙafa. Kada ka tura wa kowa bidiyon zargi sai ka tabbatar na wasan jiya ne, don ana yawan tono tsofaffi a sake musu suna.

In ka samu zaman kallo, ka riƙa ɗauke ido daga ƙwallo lokaci zuwa lokaci. Zaɓi ɗan baya ɗaya ko ɗan tsakiya, ka bi shi da ido minti biyar, ka ga inda yake tsayawa, da wanda yake nuna wa hannu. Abin da za ka koya a nan babu bidiyon da zai koya maka. Kuma kafin ka ce ɗan wasa ya ƙare, bari ya buga wasanni da dama tukuna. Wasan Asabar kuma yana yawan cin karo da La'asar ko Magariba. A tashi a yi salla, ƙwallon da aka ci a bayanka ita ce dai hailait ya dace da ita.

Ga masu caca, maganata gajeriya ce. Addini ya haramta ta, wannan ya wadatar. In kuwa kana ganin bidiyoyin da ka kalla sun ba ka wani sirri, ka sani kamfanin da kake kai wa kuɗinka yana da alƙaluman kowane wasa daga farko har ƙarshe, kuma ya tsara lissafinsa ta yadda riba tasa ce. Kai kana da ƙwallaye huɗu da kiɗa.

Masu horar da yara a filayen unguwa, ku ma da aiki a gabanku. Yaro ya taso yana zaton ƙwallo ita ce yanka da bugun nesa, don su yake gani a waya. Ba ya son komawa baya ya tare, ba ya son ba da fasin mai sauƙi. Ku riƙa zaunar da su su kalli wasa guda cikakke, ku yabi wanda ya ƙwace ƙwallo kamar yadda kuke yabon wanda ya ci. Masu gidajen kallo kuma ku sa doka, duk wanda ya zagi iyayen wani a fitar da shi, ko shi ne ya fi kowa zuwa. Iyaye su ma su lura da inda kuɗin data da na aike ke tafiya.

A ƙarshe, a tuna cewa 'yan wasan da ake faɗa dominsu suna musayar riga da zarar an tashi, albashinsu kuma na shiga ko an ci ko an sha kashi. Kai da maƙwabcinka kuwa sahu ɗaya za ku tsaya gobe da asuba. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma shirya mana zuri'a.