Ɗan tsakon da shirwa ta saki

Yara, kun san birnin Hartum? Yana cikin ƙasar Sudan, gabas da Cadi. A nan ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, su zama kogi ɗaya. In mutum ya ƙetare gada ya yi yamma, sai ya shiga birnin Umdurman.

Akwai Hausawa da yawa a Sudan. Kakannin wasunsu sun taso daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Damagaram, za su aikin hajji a ƙasa. Suka yada zango a hanya, suka zauna. Wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Daga baya jikokinsu da yawa suka zauna a unguwannin Hartum da Umdurman.

Kamar mu, su ma suna kiwon kaji a tsakar gida. Da Larabcin can, ana ce wa kajin gida «jidad baladi». Abokan gabar ƴan tsakinsu kuwa su ne namu: shirwa, da hankaka, da muzuru, da ɓera. Shirwa ta fi kowa ɓarna, don tana da yawa a samaniyar Hartum. Tana shawagi bisa kasuwa, da mahauta, da juji.

Abin da ya faru a tsakar gida

Mu ƙaddara wata yarinya ce a Umdurman, tsararku. Innarta ta ba ta kaza. Kaza ta kwanta bisa ƙwai kwana 21, ta ƙyanƙyashe ƴan tsaki tara. Ran nan da hantsi sai shirwa ta sauko, ta suri ɗaya. Yarinya ta yi kururuwa, ta jefa takalmi. Shirwa ta firgita, ta saki ɗan tsako, ya faɗo ƙasa. Jini na fita a bayansa, ƙafa ɗaya kuma tana lilo.

In ku ne, me za ku yi? Ga abubuwa biyar. A yi su bi da bi.

1. A tsayar da jini

Jinin ɗan tsako kaɗan ne ƙwarai. In ɗan kaɗan ya zuba, sai ya galabaita. A wanke hannu da sabulu. A ɗauki tsumma mai tsabta, a danna bisa rauni a hankali, har jini ya tsaya. Kada a matse ƙirjinsa. Tsuntsu yana numfashi ne da motsin ƙirji. In an matse shi, sai numfashi ya tsaya.

2. A ba shi ɗumi

Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa shi kaɗai. Shi ya sa yake shiga ƙarƙashin fikafikan uwarsa. A satinsa na farko yana bukatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35. Wanda ya ji ciwo ya fi jin sanyi. A sa shi cikin kwali mai ƴan ƙofofin shan iska, a shimfiɗa masa tsumma. A cika kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a aje gefensa.

A duba lokaci kuma. A Hartum, da dare cikin watan Janairu, sanyi yakan sauko zuwa wajen digiri 15. Cikin watan Mayu kuwa zafin rana yakan wuce digiri 40. Haka yake a Maraɗi da Damagaram. Da sanyi a sa kwalba. Da bazara a aje kwali cikin inuwa.

3. A wanke rauni

A tafasa ruwa rabin lita, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. A ɗiga shi bisa rauni don ƙasa ta fita. Kada a jiƙa ɗan tsako duka. In akwai maganin nan mai launin shuɗi da ake shafa wa ciwo, babba ya shafa masa kaɗan. Kada a sa kananzir, ko baƙin mai, ko ƙasa. Waɗannan ba magani ba ne, ƙara ciwo suke yi.

4. A raba shi da sauran kaji

Kaji in sun ga jini sai su yi ta sara. Har ƴan'uwansa na ciki ɗaya za su sare shi. Ba mugunta ba ce, halinsu ne. A bar shi cikin kwali, wuri mai ɗan duhu, inda ba hayaniya. A rufe kwali da yadi marar kauri don ƙuda, saboda ƙuda yana sa tsutsa cikin rauni. A kula da kiyashi da cinnaka.

5. A ba shi ruwa, sannan abinci

Ruwa ya fi abinci gaggawa. A sa sukari kaɗan cikin ruwa mai tsabta, a tsoma bakinsa kawai, a bar shi ya haɗiye da kansa. Kada a buɗe bakinsa a ɗura masa. Ƙofar numfashinsa tana nan bayan harshe. In ruwa ya shiga ta can, sai ya shaƙe. In ya fara kuzari, a ba shi dafaffen ƙwai da aka murmushe, da ɓarzajjen gero, da gara.

In ƙafa ta karye, a kira babba. Zai miƙe ta a hankali, ya sa tsinken ashana a gefe, ya ɗaure ba da ƙarfi ba. Ƙashin ɗan tsako yakan haɗe cikin sati biyu zuwa uku. In akwai likitan dabbobi kusa, a nuna masa.

In jinya ba ta yi ba

Yarinyar nan ta yi duk abin da muka faɗa. Da dare ta aje kwali kusa da shimfiɗarta. Da asuba ta ɗaga yadi, ta tarar ɗan tsako ya mutu. Ta fashe da kuka. Ta ce: «Inna, laifina ne. Da ban buɗe akurki ba, da yana nan.»

Innarta ta zaunar da ita, ta ce: «Ɗiyata, ba laifinki ba ne. Farcen shirwa ya shiga ciki, inda idonmu ba ya gani. Kin ba shi ɗumi, kin ba shi ruwa. Bai mutu a rana cikin kiyashi ba.»

Gaskiyar innar ke nan. Wasu ƴan tsaki suna warkewa, wasu ba sa warkewa. Ko likitan dabbobi ba ya iya ceton kowace dabba. In ciki ya fashe, ko kuwa ɗan tsako ba ya iya ɗaga kai sam, da wuya ya rayu. A irin wannan hali, babba ne zai duba. Yana iya yanka shi nan take da wuƙa mai kaifi, don kada ya daɗe yana shan wahala. Wannan ba aikin yara ba ne.

Hausawa na cewa: sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Haka ne. Amma sabo yana sa a ji zafin rabuwa. Wanda ya yi kuka don dabbarsa ta mutu ba rago ba ne, mai tausayi ne. Kada ku yi masa dariya. In ku ne abin ya samu, ku faɗa wa inna, ko baba, ko malam abin da kuke ji. Kuna iya zana hoton ɗan tsakon cikin littafinku. Baƙin ciki yana raguwa da kwanaki.

A cikin watan Afirilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Iyalai masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu. Yara da yawa sun rabu da dabbobin da suka saba da su, ba da son ransu ba. In kun haɗu da yaron da ya rasa abin da yake so, ku saurare shi, ku ja shi cikin wasanku.

Yadda ake yi da mushe

A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne shi, a ɗora dutse don kare. A wanke hannu da sabulu. Ba a jefa mushe bisa juji, don shi ne ke kiran shirwa da ƙuda.

Ku kula da wannan sosai: in kaji suna mutuwa da yawa ba tare da rauni ba, cuta ce. Kada ku taɓa su, ku gaya wa babba. A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, a Nijar, cikin watan Fabrairu. Ta ɓulla a Hartum cikin watan Afirilu. Wannan cuta tana iya kama mutum.

Saura takwas

Bayan kwana biyu yarinya ta tuna tana da sauran ƴan tsaki takwas. Yayanta ya samo mata babban kwando. Tana kife su da uwarsu a inuwa, ta sa musu ruwa cikin faranti marar zurfi. Da dare tana rufe akurki, ta toshe ramin ɓera. Babanta kuma ya kai kajin aka yi musu rigakafin cutar Niyukasil, wadda takan ƙare kajin unguwa. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi

ɗan tsako : le poussin
shirwa : le milan
akurki : le poulailler
rauni : la blessure
rigakafi : la vaccination
murar tsuntsaye : la grippe aviaire

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suke haɗuwa a Hartum?
2. Don me ake raba ɗan tsakon da ya ji ciwo da sauran kaji?
3. Me ya sa ba a ɗura masa ruwa a baki?
4. Me inna ta faɗa wa ɗiyarta? Kun yarda da maganarta?
5. Me za ku yi in kun ga kaji suna mutuwa da yawa?

Aiki

Ku tambayi iyayenku yadda suke kare ƴan tsaki daga shirwa. Ku rubuta jimla biyar, ku karanta wa aji.