Wutar Sola da Layukan da Ba Sa Gaisawa

Tashoshin wutar Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru duk ruwan Jihar Neja ne ke juya su, amma mai walda a Kontagora ya fi sanin kuɗin man janareto fiye da takardar kuɗin wuta. Shi ya sa faifan sola ke ta yawaita a kan rufin gidaje, kuma ƙauyuka irin su Tungan Jika a Magama da Rokota a Edati suka samu ƙananan tashoshin sola nasu na kansu.

Da tsakar rana irin waɗannan tashoshi kan samar da abin da ya fi buƙatar garin. Idan batir ya cika, sauran ya tafi a banza, alhali ƙauyen da ke gaba yana cikin duhu.

Me ya hana a miƙa musu? Wutar da ke bin turakunmu ta AC ce, tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Haɗa layuka biyu irin wannan kamar lugude ne: idan taɓarya ɗaya ta saɓa bugu, sai a yi karo. Wutar da faifan sola da batir ke bayarwa kuwa DC ce, hanya ɗaya take bi. Injiniyoyi kan sa na'ura a bakin layi ta mai da AC zuwa DC, wata kuma a ɗaya bakin ta dawo da ita AC. Ta haka kowane ɓangare na tafiya da bugunsa, kuma a hannun ma'aikata yake su ƙayyade adadin da zai tsallaka da inda zai nufa. A Birtaniya an gwada haka tsakanin tsibirin Anglesey da Bangor, inda aka mai da tsohon layi mai kilobolt 33 ya koma na DC.

Kontagora wuri ne da ya dace a yi wannan lissafi, domin tana kusa da iyakar layukan kamfanoni biyu. Tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na AEDC, Yauri kuwa da ke maƙwabtaka da ita a Jihar Kebbi tana hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna. Na'urorin sauya AC da DC suna da tsada, kuma ba kowane mai gyaran taransifoma zai taɓa su ba. A ganina sayensu ba na yanzu ba ne. Amma tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ya kamata gwamnatin jiha a Minna ta fara ware filayen da za a kafa irin waɗannan mahaɗai kafin a ba da lasisin kowace sabuwar tashar sola.