Intanet Na Gida: Abin Da Magidanci Zai Auna Kafin Ya Zaro Kuɗinsa

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta sahale wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Tun daga lokacin lissafi ya sauya a gidaje da yawa. Maigida na sayen data a wayarsa, uwargida na sayen tata, yara 'yan makaranta kuma kullum da ƙorafin cewa tasu ta ƙare. Idan aka tattara abin da ya fita a ƙarshen wata, sai a ga gara a ja intanet guda ɗaya zuwa gida kowa ya hau. A nan ne magidanci ke cin karo da tallace-tallace masu ɗauke da manyan lambobi biyu, ɗaya na sauri, ɗaya na farashi. Abin takaici, waɗannan lambobi biyu kaɗai ba sa faɗa wa mai saye abin da zai samu, kuma ba sa faɗa masa abin da zai kashe.

Kafin a kai ga lambobin, a fara sanin ire-iren intanet ɗin. Intanet ta wayar kebul, wadda ake yawan jin labarinta a ƙasashen waje, asalinta daga talabijin ne. A 1948 aka fara ja wa mutanen da ke zaune a bayan tsaunuka a Amurka waya daga doguwar eriya zuwa gidajensu, domin hoton talabijin ba ya isa gare su ta iska. Shekaru suka tafi, wayar ta ratsa unguwanni a duk faɗin ƙasar. Da intanet ta zo, sai injiniyoyi suka ga ba sai an haƙa sabon rami ba. A 1997 aka fitar da ƙa'idar DOCSIS, wadda ta ba da damar tura intanet ta cikin wannan tsohuwar waya ta tagulla. Da ita kamfanoni irin su Comcast, mai Xfinity, da Charter, mai Spectrum, suka zama manyan masu sayar da intanet na gida a Amurka.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Talabijin na kuɗi ya shigo mana ne ta faranti da eriya, su DStv da GOtv da StarTimes, wayoyin tarho na NITEL kuwa sun daɗe da mutuwa. Saboda haka idan aka ce intanet ta waya a Kano ko Kaduna ko Abuja, ana nufin faiba, siririyar wayar gilashi da ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, irin wadda ipNX da FiberOne da MTN ke ja zuwa gidaje. Abokan takararta biyu ne. Akwai rawuta mai layin waya da ke kama 4G ko 5G daga ƙarfen sabis, wadda MTN da Airtel da Spectranet ke sayarwa. Sai kuma Starlink na Elon Musk, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya kuma isa Jamhuriyar Nijar da Chadi a 2025.

A fara da lambar sauri. Kamfanoni na auna ta da megabit a daƙiƙa, ana rubuta Mbps, amma girman fim ko hoto a waya da megabait ake ƙirga shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wanda ya sayi tsarin 100 Mbps, mafi yawan abin da zai sauke a daƙiƙa shi ne megabait 12.5. Fim mai gigabait ɗaya zai sauka cikin daƙiƙa 80 a wannan tsari, a tsarin 10 Mbps kuwa sai ya ci minti 13 da ɗoriya. Bambanci ne na gaske, amma ga mai sauke manyan abubuwa. Mai kallo kai tsaye ba ya buƙatar ko kusa da haka. Netflix da kansa ya ce 5 Mbps ta isa a kalli fim tangaran, 15 Mbps kuma ta isa ga hoton 4K mafi kyau. Taron Zoom na bidiyo bai kai 4 Mbps ba. Gidan da mutum biyar ke kallo lokaci guda, kowa a wayarsa, bai cinye 30 Mbps ba. Ke nan iyalin da suka biya kuɗin 300 Mbps don kallon fina-finan Kannywood a YouTube da hira a WhatsApp sun sayi abin da ba za su taɓa amfani da rabinsa ba.

Akwai lambar da talla ba ta cika nunawa ba, ita ce saurin ɗorawa, wato yadda abu ke fita daga gidan zuwa waje. Wannan shi ne babban raunin wayar kebul ta Amurka: da yake an gina ta ne don kawo hoto cikin gida, an daɗe ana sayar da tsari mai ɗaruruwan megabit na saukewa alhali na ɗorawa bai wuce 10 zuwa 35 ba. Faiba kan iya ba da biyun daidai wa daida. Rawutar 5G da Starlink su ma sun fi ƙarfi wajen saukewa. Wa abin ya shafa? Ya shafi mai tace fim da zai ɗora shiri mai nauyi a YouTube, da mai sayar da atamfa da leshi da ke nuna hajarta kai tsaye a TikTok, da masallacin da ke watsa tafsirin azumi a Facebook, da ma'aikacin da ofishinsa ke Legas ko Landan shi kuma yana zaune a Zariya. Ga irin waɗannan, tsarin 30 Mbps mai ɗorawa 30 ya fi na 100 mai ɗorawa 5 amfani nesa ba kusa ba. Hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta fahimci haka: a Maris 2024 ta ɗaga ma'aunin abin da za a kira intanet mai sauri daga 25 na saukewa da 3 na ɗorawa zuwa 100 da 20.

Sai jinkirin amsa, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Shi ke sa masu hira ta bidiyo su riƙa katse wa juna magana. Tsofaffin taurarin ɗan'adam na sadarwa na can sama kilomita kusan 36,000, jinkirinsu na kai wa fiye da rabin daƙiƙa. Na Starlink na shawagi a 'yan ɗaruruwan kilomita kawai, shi ya sa hira ke tafiya da shi ba matsala. Faiba ta fi su duka a wannan fage.

Babbar tambayar da ya kamata a yi wa kowane ɗan talla ita ce: wannan saurin na ƙarfe nawa ne? Layin intanet na gida ba na mutum ɗaya ba ne, rabawa ake yi. Kamar bututun ruwan unguwa yake, tsakar dare famfo na feshi da ƙarfi, da safe kowa ya buɗe nasa sai ya koma tsiyaya. A wayar kebul gidajen unguwa ne ke raba layi guda, a faiba ma gidaje da dama kan rataya a kan zare ɗaya, a 5G duk wanda ke ƙarƙashin ƙarfen sabis yana da rabo. Starlink ma bai tsira ba, domin a ƙarshen 2024 sai da ya dakatar da karɓar sabbin masu rajista a Legas da Abuja saboda cunkoso. Lambar da ke kan talla ita ce ƙololuwar abin da layin zai iya bayarwa idan hanya babu kowa. Abin da magidanci ke so shi ne abin da zai samu bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau. Birtaniya ta magance wannan tun a Mayun 2018: kamfani ba zai tallata sauri ba sai wanda aƙalla rabin masu hulɗa da shi ke samu tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare. Mai saye a nan zai iya yi wa kansa wannan binciken. Ya nemi maƙwabcin da ke amfani da kamfanin, ya roƙe shi su gwada da Speedtest ko Fast.com da ƙarfe tara na dare, ya kuma tambaye shi kwana nawa aka ɗauka kafin a zo gyara ranar da wayar ta tsinke.

Wani lokaci kuma laifin ba na kamfani ba ne. Tsohuwar rawuta da aka cusa bayan firji, ko katangar bulo biyu tsakaninta da ɗakin yara, ta isa ta cinye rabin saurin da aka biya.

Tsarin da ake kira mara iyaka shi ma sai an karanta ƙananan rubutun da ke ƙasansa. Da yawa suna da sharaɗin cewa idan aka cinye wani adadi na data a wata, za a rage saurin har sai wata ya zagayo. Adadin da ake gani kamar mai yawa ne ba ya jimawa. Kallon Netflix da hoto mai kyau na iya cin gigabait uku a awa ɗaya. Awa uku kullum a talabijin guda ya kai gigabait 270 a wata, ba a ma sa wayoyin mutanen gida ba. A Amurka Comcast ya shafe shekaru yana ƙayyade wa masu hulɗa da shi a jihohi da dama terabait 1.2 a wata, wanda ya wuce ya biya ƙari. Don haka tsari mai matsakaicin sauri wanda ba ya raguwa ya fi mai gudun walƙiya da zai gurgunce a ranar ashirin ga wata.

Farashi kuwa ba a auna shi da wata ɗaya, da shekara ake aunawa. Starlink ya isa misali. A 2024 kuɗinsa na wata naira 38,000 ne. A Oktoban shekarar ya nemi mayar da shi 75,000, NCC ta ce bai nemi izini ba, ya janye, daga baya a 2025 ya tsaya a 57,000. Na'urar kanta ta tashi daga naira 440,000 zuwa 590,000. Idan aka haɗa kuɗin na'ura da na wata goma sha biyu a waɗannan farashin, shekarar farko ta ci naira 1,274,000, wato sama da 106,000 a kowane wata. Ga kuma wuta: farantin da ke jan wat 75 dare da rana zai sha yunit 54 a wata, wanda ga mai rukunin A na masu sayen wutar lantarki, da ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit, ya haura naira 10,000. Akwatin faiba da rawutar 5G ba sa cin komai idan aka kwatanta, ƙaramin batiri ma na riƙe su. Duk wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan wutar da ke ciyar da yankin, ya san wannan ba ƙaramin batu ba ne. Irin wannan lissafi za a yi wa kowane tsari: kuɗin ja waya, kuɗin na'ura, ko na'urar ta zama ta mai gida ko aro ce, da farashin da za a koma bayan rangwamen watannin farko ya ƙare.

Wannan dabara ta rangwame ta daɗe tana cin Amurkawa, inda ake jawo mutum da farashi mai sauƙi na shekara ɗaya sannan a ɗaga, a kuma lafta masa kuɗin hayar na'ura. Shi ya sa daga 10 ga Afrilun 2024 FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni su manna wa kowane tsari takardar bayani mai siffa ɗaya. A kanta ake rubuta farashin wata, ko na rangwame ne da abin da zai koma, sauran kuɗaɗen da ake ƙarawa, saurin saukewa da na ɗorawa da aka saba samu, jinkirin amsa, da yawan datar da aka ba mutum. Mai saye sai ya jera takardu biyu ya duba layi da layi.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, yawancin gidajen Arewa ba su kai ga wannan zaɓe ba tukuna, domin faibar ba ta iso layinsu ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS, da Equiano na Google da ya iso a 2022, a gaɓar Legas suka sauka. Kafin intanet ta kai Sakkwato ko Maiduguri sai an ja waya sama da kilomita dubu, a biya jihohi kuɗin haƙa a gefen titi, a kuma yi ta fama da masu aikin hanya da ɓarayi da ke tsinke ta. An yi matsaya kan naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar ninkin haka. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Tsarin ƙasa na yaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya sa burin 25 Mbps a birane da 10 a karkara. Gwamnatin yanzu, ta hannun minista Bosun Tijani, ta ɗauko aikin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Sai wannan waya ta shiga unguwanni, kamfani biyu ko uku sun yi gogayya a layi ɗaya, kafin farashi ya sauko wa talaka.

Kafin nan, hukuncin a fili yake. Inda faiba ta iso kuma maƙwabta sun shaidi kamfanin da saurin gyara, ita ce ta fi, kuma tsarin 30 zuwa 50 Mbps mara iyaka na gaskiya ya wadaci yawancin iyalai. Inda ba ta iso ba amma 5G na kamawa sosai, rawuta ta fi sauƙin kuɗin farawa, kuma ɗan haya zai tashi da abarsa. Starlink na wanda ke nesa da duka biyun ne, ko wanda sana'arsa za ta mayar masa da kuɗin.

Abin da ya rage yana hannun NCC. Hukumar da ta amince a ƙara wa jama'a kuɗi, ya dace ta tilasta wa kowane kamfani ya rubuta saurin da ake samu da daddare, da saurin ɗorawa, da adadin da ake rage gudu bayan an kai shi, da cikakken kuɗin shekara, a takarda ɗaya, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Wanda kuma ya biya bai samu abin da aka yi masa alkawari ba, ya fara kai kuka ga kamfanin ya karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC a lamba 622, kiran kyauta ne.